Muzurun da Ba Ya Mutuwa, da Dariyar da Muke Yi Masa

Kawuna ne ya jefa ni cikin wannan tunani, kuma har yau bai san ya yi ba. Wata Lahadi ce ya hawo bas daga Adjame ya ƙetaro gada zuwa gidana a Treichville don mu yi maganar wani aure da ake shiryawa a Maraɗi. Ya tarar da yarana uku da na maƙwabta biyu sun baje kan tabarma gaban talabijin suna kallon Tom da Jerry. Daidai lokacin da ya yi sallama ɓeran ya rufe wa muzurun ƙofa a fuska, muzurun ya manne jikin bango ya koma falle ɗaya kamar waina, ya sulalo ƙasa a hankali. Yara suka kwashe da dariya har da shure-shure.

Kawu ya tsaya da takalminsa a hannu ya ce da ni, "Kai, wane irin abu ne wannan kake bari suna kallo? An murƙushe dabba su kuma suna ƙyaƙyata dariya. Yau kyanwar zane ce. Gobe fa?"

Na ce, "Kawu, ai wasa ne."

Ya ce, "Wasan ma iri-iri ne."

Muka zauna muka shiga maganar da ta kawo shi. Ba a yi minti goma ba na lura idonsa na zamewa wajen talabijin. Muzurun ya haƙa wa ɓera tarko da dutsen guga a saman ƙofa, ya ja igiya bai faɗo ba, ya sake ja bai faɗo ba, sai ya taka ya tsaya ƙarƙashinsa ya ɗaga kai don ya ga abin da ya hana. Dattijon da ya haura shekara saba'in ya fashe da dariya har yana share hawaye da hannun riga. Da ya farga sai ya ce astagfirullah, ya gyara hula, ya koma maganar lefe.

Tun ranar tambayarsa ta ƙi barina. Ita ce kuwa: in mutum ya yi dariya don wani ya ji ciwo, ko da wanin nan zane ne, wani abu yana lalacewa a zuciyarsa ko kuwa? Ba tambayar banza ba ce. An hore mu tun muna yara da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, kuma an hane mu yi wa mutane izgili. To ga mu mun tara 'ya'yanmu suna koyon dariya a kan kyanwar da ake daka wa guduma.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina, don kada mai karatu ya ɗauka alƙali ne ke magana. Ni masoyin Tom da Jerry ne. A gidan haya na girma a Treichville, irin mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya da ɗakuna goma sha wani abu a kewaye. Akwai Bawule, akwai Jula, akwai Mosi, akwai Yarabawa, akwai mu. Mutum ɗaya ne ke da bidiyo a gidan, wani tela, kuma kaset ɗinsa na katun ya sha kallo har hoton yana rawa. In ya sa fim ɗin Indiya ko na Faransa sai an sami mai fassara, a yi ta gardama kan abin da aka ce. In ya sa muzuru da ɓera kuwa babu mai buƙatar kowa. Ƙanena da ya zo daga ƙauye bai san ko gaisuwa da Faransanci ba, amma a daren farko shi da ɗan Bawulen nan suka riƙe juna suna dariya a lokaci guda. Ban san wani abu da ya taɓa haɗa yaran gidan nan haka ba, in ban da ƙwallo, ita kuwa ƙwallo da faɗa take ƙarewa.

Waɗanda suka ƙirƙiro su mutum biyu ne a Amurka, William Hanna da Joseph Barbera, a kamfanin fim na MGM. Na farko ya fito a watan Fabrairun 1940, a lokacin ma sunan muzurun Jasper. Daga nan zuwa 1958 suka yi guda 114, kowanne kamar minti bakwai, duk da hannu aka zana su hoto bayan hoto, kuma bakwai daga ciki suka ci lambar Oscar. Ba don yara kaɗai aka yi su ba, a silima ake nuna su kafin babban fim, gaban manya da suka biya kuɗin shiga. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne kiɗan. Wani mai suna Scott Bradley ne ya tsara kiɗan kusan dukkansu, kuma kowane taku, kowane zamewa, kowane karo yana da sautinsa. Ka rage murya ka kalla, za ka ga rabin dariyar ta tafi. Wanda ya taɓa ganin yadda mai kalangu ke bin ƙafar ɗan rawa ya san abin da nake nufi. Akwai guda ɗaya, The Cat Concerto, inda Tom ke kaɗa piyano gaban jama'a cikin kwat, ɓera kuma na barci a cikin piyanon. Duk faɗan da suka yi, waƙar ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Wannan aikin gwanaye ne, kuma wanda ya yaba shi bai yi laifi ba.

Sai dai gwaninta ba ta wanke abu daga zargi. Mai ƙera wuƙa ma gwani ne.

Masana sun daɗe suna juya maganar dariya. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Hobbes, a littafinsa na 1651, ya ɗauka cewa dariya jin fifiko ce: ka ga wani ya kasa, nan take ka ji kai ka fi shi, sai daɗin ya fito ta bakinka. In haka ne, Kawu ya yi gaskiya gaba ɗaya, dariyar da muke wa Tom ƙanwar dariyar ƙeta ce. Wani kuma ɗan Faransa, Henri Bergson, ya rubuta ɗan littafi a kan dariya a 1900. Shi a ganinsa muna dariya ne in mai rai ya koma kamar inji, ya ci gaba da abu ɗaya bayan hali ya canja, kamar mai tafiya da bai ga rami ba. Ya ƙara da cewa kafin a yi dariya sai tausayi ya ɗan yi barci. Wannan ta biyun ta fi kusa da abin da nake gani, amma ita ma ba ta kwantar mini da hankali ba, don zuciyar da ake yawan sa wa barci tana iya sabawa da shi.

Ba a littafi na sami abin da ya warware mini ba. A Adjame na same shi, bakin rumfarmu, cikin damina.

Duk wanda ya san kasuwar Adjame a watan Yuni ya san taɓonta. Wata safiya wani ɗan dako ya turo baro cike da doya, yana ihun a ba shi hanya, ƙafarsa ta zame, ya yi sama ya dawo zaune daɓas cikin kwata, doya ta watse kowace ta kama gabanta. Abin da na lura da shi ke nan: ba a yi dariya nan take ba. An yi shiru na ɗan lokaci, kamar numfashi ɗaya, kowa ya zuba masa ido. Sai ya miƙe, ya dubi wandonsa, ya ɗaga hannu sama ya ce da Julanci wai ai dama yana neman wurin zama. A nan kasuwa ta ɗauka. Mata masu sayar da barkono suna dariya suna tsince masa doya. Shi ma yana yi.

Bayan 'yan makonni wani ya faɗi kusan a wurin, irin faɗuwar sak, har ƙafa a sama. Wani yaro ya fara dariya, ya ga mutumin bai motsa ba, dariyar ta maƙale masa a wuya. Ƙugunsa ne ya goce. Aka kinkime shi aka sa a tasi. Babu wanda ya ƙara ko murmushi.

Faɗuwa iri ɗaya, taɓo ɗaya, mutane kusan ɗaya. Abin da ya raba su shi ne ɗan shirun nan da ake yi ana jiran a ga ko zai tashi. A cikin wannan numfashi ɗaya mutuncin ɗan Adam yake zaune. Da Hobbes ya yi daidai, da na biyun ya fi ba da dariya, don shi ya fi kasawa. Amma mutanen kirki ba faɗuwar suke wa dariya ba. Tsoro ne ya kama su, aka sake su, dariyar ta zama ajiyar zuciya mai ƙara.

To Tom an yi shi ne da alkawarin tashi tun kafin ya faɗi. Hausawa na cewa jiki magayi, amma jikin Tom ba ya gaya masa komai. A yanka shi gida bakwai, a hoto na gaba ya haɗe. Ya haɗiye abin fashewa, ya yi baƙi, ya girgiza, gashinsa ya dawo fes. Ba jini, ba tabo, ba ɗingishi a fim na gaba. Yaro ɗan shekara biyar ya san wannan doka kamar yadda ya san dokar langa, ba tare da an karanta masa ba. An ɗauke masa ɗan shirun nan na jira, an ce masa yi dariyarka, mun lamunce maka zai tashi.

Mu kuwa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Kura nawa aka kashe a tatsuniyoyin kakanninmu? Gizo ya yaudare ta ta faɗa rijiya, an yi mata dukan kawo wuƙa, an ƙona ta a rumbu, gobe da dare kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, kura ta dawo da kwaɗayinta cif. A nan ƙasar ma suna da nasu gizon, Kacou Ananzè, wanda Bernard Dadié ya tattara labaransa a littafinsa na 1955. Babu wanda ya taɓa cewa tatsuniya ce ta koya wa Bahaushe mugunta. Haka wasan taubasai. Bafillace ya ce wa Babarbare bawansa, Bagobiri da Bayarabe su yi ta yaɓa wa juna magana, wanda bai sani ba ya ɗauka yanzu za a zare wuƙa. Abin da ya sa ba a zarewa shi ne kowa ya san gobe za a sake haɗuwa, kuma wanda aka kayar yau shi zai kayar gobe. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin gadon al'adun duniya. Kuma ba mamaki ba ne da ya zama ɗan Nijar, Mamane, shi ya kafa bikin barkwanci na shekara-shekara a Abijan, inda ake cika zauren Palais de la Culture, nan Treichville, don a yi wa shugabanni da talakawa dariya tare.

Akwai wani abu kuma da shekaru suka koya mini. Ina yaro bayan Jerry nake, ƙarami mai wayo da ke kayar da babba. Yanzu da furfura ta fara, Tom nake gani. Ku dube shi da kyau. Shi ba mugu ba ne, ma'aikaci ne. An ajiye shi a gida don aiki ɗaya, an ce in ya kasa a jefa shi waje. A wani na 1948, Old Rockin' Chair Tom, an kawo sabon muzuru mai jini a jika aka ce Tom ya tsufa, aka kore shi, har sai da ɓeran ya taimake shi ya dawo da gurbinsa. Wane ɗan ci-rani ne bai san wannan tsoro ba? Mai gadin da ke kwana a ƙofar kanti, mai garba da ke tashi da asuba ya soya kifi ya jira masu cin aceke, wanda sunan abincin ma daga sunan mutanenmu aka ce ya samo asali, duk sun san ma'anar ka shirya dabara da kyau ta dawo ta faɗo maka a ka, ka karkaɗe jiki ka koma. In irinmu na yi wa Tom dariya, ba fifiko muke ji ba. Kanmu muke gani.

Da a nan zan tsaya da na ce na ci Kawu da hujja. Amma akwai abu biyu da suka hana ni.

Na farko yana cikin katun ɗin kansa. Akwai wata baƙar mace mai jiki da ke fitowa a na farko-farko, har zuwa 1952, da silifa da tsintsiya, tana ihu ta haye kujera in ta ga ɓera. Kusan kullum ƙafafunta da hannuwanta kawai ake nunawa, ba fuska. Wata 'yar wasa mai suna Lillian Randolph ce ke yi mata murya, da karyayyen Turancin da fararen Amurka ke kwaikwayon baƙaƙe da shi. Mu yaran Treichville mun sha yi mata dariya, ba mu san mu ake nufi ba. Haka in abu ya fashe a fuskar Tom wani lokaci sai ya fito baƙi ƙirin da manyan leɓɓa, mu kuma mu kwashe. Daga baya an sake zana wasu wuraren, an yanke wasu, kuma a 2014 kamfanin Amazon ya sa gargaɗi a gaban waɗannan finafinai cewa akwai wariyar launin fata a ciki. Abin lura shi ne wannan matar ba a taɓa maka mata guduma kamar Tom ba, amma ita ce ba ta tashi. Tom ana murƙushe jikinsa ya dawo. Ita abin da aka murƙushe ba jiki ba ne, kuma ba ta da ranar ramawa kamar taubashi. Waɗanda suka yi dariyar a silimomin Amurka sun fita sun tarar da irinta a ɗakin girkinsu. Wannan ita ce dariyar da Hobbes ya kwatanta, kuma tana zaune a faifai ɗaya da wadda nake karewa.

Na biyun ya fi kusa da gida. Wayar da ɗana ke kallon Tom a cikinta, ita ce ake turo mini bidiyon ɓarawon da aka kama a tasha ana duka, da na mahaukacin da yara ke jifa, da na matar da ta faɗo daga babur, an ɗora musu kiɗa da fuskokin dariya a ƙasa. Gilashi ɗaya, girma ɗaya, yatsa ɗaya ke turawa. Mai kallo ba ya yin ɗan shirun nan na kasuwar Adjame, don gilashi ya saba masa da cewa duk wanda ya faɗi a ciki zai tashi. Amma babu wanda ya yi wa ɓarawon nan alkawari. Bidiyon na ƙarewa ne kawai, a wuce na gaba.

Waɗanda ke Abijan ranar 19 ga Mayun 2021 ba su manta ba. Wani bidiyo ya bazu a Facebook, aka ce wai 'yan Kodibuwa ne ake azabtarwa a Nijar. Ƙarya ce, tsohon bidiyo ne daga wata ƙasa daban. Kafin a tantance, matasa sun far wa 'yan Nijar a Abobo da Yopougon da wasu unguwanni, aka fasa shaguna, aka raunata mutane, aka yi asarar rai. Daga baya kotu ta ɗaure matar da ta yi kiran shekara biyar. Mu mun ja ƙofar rumfa tun kafin azahar muka zauna a ciki, kowa da wayarsa. A cikin abin da aka turo mini akwai wani ɗan guntun hoto na wani mutum yana gudu, tabarmin kayansa ya watse, ana binsa da sanduna. Ya yi tuntuɓe ya faɗi. A bayan wayar, mai ɗaukar hoton yana dariya. Na san wannan dariyar. Sautinta ɗaya da tamu ta gidan tela. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, ba sandunan ba.

Ba na cewa Tom ne ya jawo wannan. Wani babban jami'in gwamnatin Masar ya taɓa tsayawa a Jami'ar Alƙahira a 2016 ya ɗora wa Tom da Jerry alhakin tashin hankalin yankinsu, duniya ta yi masa dariya, kuma ya cancanta. An yi ta kashe juna shekaru dubbai kafin a zana muzuru. An ma taɓa gwada gyaran da masu irin ra'ayinsa ke so: a 1975 aka fito da sabon Tom da Jerry a talabijin na Amurka inda aka mai da su abokai, ba duka ba bi. Bai yi armashi ba, kuma ban ji an ce yaran shekarar sun fi na bara tausayi ba. Cire duka daga zane ba ya koya wa yaro komai game da ciwo. Abin da ke koya masa shi ne ranar da ya gane inda alkawarin ya ƙare.

A gidana ranar ta zo bayan ziyarar Kawu da kamar wata biyu. Akwai wata kyanwa mai toka-toka da ke zuwa tsakar gidanmu neman kan kifi. Autana, ɗan shekara huɗu, ya ɗauki ludayin ƙarfe ya laɓe bayan randa, yana tafiya a kan yatsu kamar yadda ya gani, har yana yi wa kansa kiɗan da baki. Ya sauke mata shi a ƙafar baya. Na ga fuskarsa daga inda nake alwala: bakinsa a buɗe, dariyar ta riga ta hau, yana jiran ta zama falle ɗaya ta dawo. Sai ta yi wata ƙara da ba ta cikin kowane katun, ta ja ƙafar ta haye katanga da ƙyar. Ya tsaya da ludayin a hannu. Ya dube ni, ya dubi katangar. Sai ya fashe da kuka, irin wanda ba a yi masa duka ba ya yi shi.

Uwarsa ta so ta mare shi na ce ta bari. Kwana uku yana ajiye kan kifi a murfin gwangwani ƙarƙashin katangar, ƙudaje na cinyewa. Da na ba Kawu labari a Adjame bai ce ai na faɗa maka ba, abin da na zaci zai ce ke nan. Tambaya ya yi ko kyanwar ta dawo. Na ce ta dawo a rana ta huɗu, tana ɗingishi, kuma ba ta yarda yaron ya matso kusa da ita. Ya ce to, ya ci gaba da jan carbinsa. Can sai ya ce, "Wancan na dutsen gugar, yana cikin wayarka?"